Ɗalibata ta ce in rufa mata asiri, aiki ya ce in kai rahoto

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya wata ɗalibata ta jira kowa ya fita daga aji, ta ce, "Malama, zan gaya miki wani abu, amma ki yi min alƙawari babu mai ji." Bakina ya riga tunanina, na ce ta faɗa. Ashe malamin da ke duba aikinta na kammala digiri ne ya ƙi sa hannu sai ta same shi a gida. Ƙa'idar aikinmu kuwa ta ɗora min kai rahoto. Kwana biyar ke nan ban yi barcin kirki ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari don Allah.

Tsohon Hannu: Malama, na taɓa faɗawa wannan ramin. Komawa na yi wurin yarinyar na ce na yi kuskure, na ɗauki alƙawarin da ba ni da ikon cikawa, kuma gobe zan je ofishin ƙorafi, in tana so mu tafi tare. Ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba. Amma da a bakin wani ta ji, da har yau ba ta yafe min ba. Yanzu da na ga ɗalibi ya fara kame-kame sai in tare shi: "Dakata tukuna. Akwai abin da in na ji dole in sanar. In kana son wanda zai riƙe maganar, ga likitan makaranta, ga mai ba da shawara." Mafi yawansu sukan ci gaba da faɗa min duk da haka.

Na Ƙetare: Na koyar a Amurka, inda wata doka ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma kowace jami'a tana da jami'in da ke karɓar irin wannan rahoto. A inda na yi aiki, rahoton malami ba ya nufin an buɗe bincike. Ofishin ne zai tuntuɓi ɗalibar, ya ba ta zaɓi: canjin aji, canjin ɗaki, ƙarin lokacin jarrabawa, ko ta shigar da ƙara a rubuce. Ki tambayi ofishinku ko haka tsarinsu yake kafin ki koma wurinta.

Uwar Masauki: Ni tawa ta fi wannan muni, fyaɗe ne. Ƙarfe biyu na dare ƙawayen wata ɗaliba suka riƙo ta zuwa wurina, takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta ko kuka. Kalmar farko da ta fito bakina ita ce, "Me ya fitar da ke da daddaren nan?" Wallahi har yau ina jin kunyar wannan tambayar. Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ce min uffan ba.

Ma'aikaciyar jinya ce ta koya min abin da ya kamata in sani tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana iya aiki har kwana 5, amma da wuri ya fi. In za ta iya haƙuri, kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan jikinta kuma a sa su a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Rahoto zai iya jira zuwa safe, asibiti kuwa ba ya jira.

Malam Shiru: Kada ki tunkari mutumin da kanki. Ni na yi, wai don abokin aiki ne mu kashe wutar a tsakaninmu. Kafin magariba ya kira yarinyar ya tsorata ta, ya goge saƙonninsa. Da ba ta ɗauki hotonsu ba, shi ke nan.

Tsohuwar Ɗaliba: Ni ce a ɗaya ɓangaren, shekarun baya. Kai rahoton bai dame ni ba kamar shirun da ya biyo baya. Malamin da na gaya wa ya miƙa takarda, daga nan ko a hanya muka haɗu sai ya kawar da kai. Wata sakatariya ce ta zaunar da ni ta ce, "Ke me kike so a yi?" Babu wanda ya tambaye ni haka kafin ita. Na ce a canza min mai duba aiki kawai. Ta bi takardar ofis-ofis har aka canza. Malama, ki rubuta maganarta yadda ta faɗa, da rana da lokaci, kada ki gyara mata ko kalma.

Malamar Kimiyya: Na gode muku duka. Na kira ta ɗazu, na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce za ta zo ƙarfe goma, amma da ƙawarta.