Neman shawara: ina koyar da ƙiyasin darajar gidaje da bidiyo, shugaban sashe ya ce in daina

Malamin Ƙiyasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ƙiyasin darajar gidaje da filaye a wata kwalejin fasaha a nan Arewa, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motar makaranta ta daina fitar da ɗalibai duba gine-gine, ko ka rubuta takarda amsar ɗaya ce, babu kuɗin mai. Ajina kuwa sun haura tamanin. Da na ga yara za su gama ba su taɓa tsayawa gaban gini da idon mai ƙiyasi ba, sai na ɗauki kuɗin adashina na sayi majigi na hannu wajen wani abokin ƙanina mai ɗaukar hoton biki. Ban daɗe da kawo shi ba fitilarsa ta mutu, sai daga Legas aka aiko da wata, maiɗakina har yau tana yi mini maganar kuɗin don na firji ne muka tara. In babu wuta ni nake sayen man janareto. Ranakun Asabar nake zagayawa da wayata in ɗauki gidajen haya da shaguna da kangaye, in zo aji in nuna tsagewar bango ko silin da yoyo ya ɓata, in tsayar da hoton in ce nawa za ku rage saboda wannan. Ina kuma buɗe musu Google Earth su ga unguwar da gonaki ce a 2005 yadda ta cika da gidaje. Wallahi yaran da ke barci a baya yanzu su ke gardama da ni. To makon jiya shugaban sashe ya kira ni ya ce in ajiye majigi in koma allo. Masu tantance kwasa-kwasai na NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ma suna tafe. In bi umarni, ko in kai maganar gaba?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka daina. Ni na yi wannan karatun, har na karɓi difloma ban taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da aka tura mu SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu da ɗalibai ke yi, ofishin da na je ni ce mai sayo abinci da share tebur, ranar da za a fita duba gida sai a ɗauki maza a ce in tsare ofis. Da muna da malami irinka da ban bar fannin na koma sayar da atamfa ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Baba Mai Hatimi: Ɗana, na yi wannan aiki tun kafin a haifi ɗalibanka, kuma ina da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasi da doka ta 24 ta 1975 ta kafa. Shugaban sashenku ya fi ka gaskiya. Bidiyo ba ya ƙwanƙwasa bango ya ji filasta ta rabu da bulo. Ba ya jin warin damshi a ɗakin da aka yi wa sabon fenti don a ɓoye shi. Ba ya kai ka bayan gida ka tambayi mai shayi ina ruwa yake kaiwa a watan Agusta. Kuma abin da ka ga dama shi kake nuna musu, alhali aikin mai ƙiyasi shi ne gano abin da mai gida ba ya so a gani. Wannan ma duk ƙarami ne. Hanyoyin ƙiyasi biyar ne: kwatanta da abin da aka sayar a kusa, lissafi daga kuɗin haya, kuɗin sake ginawa a cire tsufa, ribar sana'ar da ake yi a wurin, da abin da zai rage wa fili bayan an cire kuɗin raya shi. A cikinsu ta ukun ce kawai kyamararka ke taɓawa sosai. Ɗauki gidan da hayarsa bayan an cire ɗawainiya naira 1,200,000 ce a shekara. In ka ce ribar jari a unguwar kashi 8 cikin 100 ce, ka ninka hayar da 12.5, wato 100 a raba da 8, darajarsa miliyan 15. In ka ce kashi 10 ce, ta koma miliyan 12. Miliyan 3 sun tafi, bango bai motsa ba. Wane bidiyo ne zai koya wa yaro zaɓen 8 ko 10? Allo da alli da yawan lissafi, sannan ƙafa.

Malamin Ƙiyasi: Allah ya ƙara girma Baba. Ai ban bar allo ba, lissafin nan duk muna yi. Kuma ƙafar da kake faɗa ita ce babu. Ba bidiyo da fita nake zaɓa tsakani ba, bidiyo ne ko babu komai.

Ɗan Dillalai: Ku masu takarda kullum haka kuke. Baba ya ce kwatanta da abin da aka sayar a kusa, to wa ya san abin da aka sayar? Mu. Abin da ake rubutawa a takardar ciniki sau da yawa ba shi ne ainihin kuɗin ba, kowa ya sani. Mai ƙiyasi zai zo rumfarmu ya sha ruwa, ya tambayi nawa fuloti hamsin da hamsin a layin nan, ya tafi ya buga hatimi banki ya biya shi, mu ko na goro babu. Malam, in kana son yaranka su iya, bar ɗaukar bango, ɗauki mutane. Zo ka naɗi ciniki tun daga taya har sallamawa, su ji dalilin da fulotin kwana ya fi na tsakiyar layi tsada.

Abu Hanan: Malam, akwai abin da ba ka faɗa ba. Mutum ba zai ce ka ajiye kayan da kai ka saya haka kawai ba. Wane dalili ya ba ka?

Malamin Ƙiyasi: Ya ce wai wani mai gida ya kawo ƙara. Na tura wa shugaban aji bidiyon wani gida don waɗanda ba su zo ba, sai ya fita daga rukuninsu na WhatsApp, har aka fara cewa gidan na sayarwa ne saboda bashi. Amma ɗan hayan ne ya ba ni izini, kuma ba ni na yaɗa ba.

Hajiya Inna: Innalillahi. Malam, da wannan ya kamata ka fara. Gidan mutum sirrinsa ne. Ko baƙo namiji iyakarsa zaure, kai ka shiga da kyamara har tsakar gida, yanzu samari tamanin na da shi a aljihu. Akwai matan aure a ciki? Mu lokacin rabon gadon mahaifinmu wanda aka turo ya kimanta gidan haka ya yi ta ɗaukar hotuna har ɗakin tsohuwarmu, a ƙarshe kuma ya karya kuɗin gidan, yayanmu ya saye kasonmu da arha. Shekaru ke nan ba ma gaisawa. Ka je ka ba mai gidan nan haƙuri kafin komai.

Injiniya Ƙarami: Mafita mai sauƙi ce yallaɓai, ka daina shiga ciki. Nemi ƙaramin jirgi marar matuƙi ka ɗauko unguwa daga sama, ga rufi, ga hanya, ga magudanar ruwa. Ka rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makaranta.

Abu Hanan: Daga sama ai tsakar gidan kowa zai gani, ya fi na farko muni. Kuma sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashinsa. Ni dai shawarata ya yi shiru har masu tantancewa su zo su tafi.

Baba Mai Hatimi: Kun ga abin da nake faɗa. Izinin ɗan haya ba izinin mai gida ba ne, kuma wannan bambancin shi ne darasin farko da ya kamata malamin ƙiyasi ya koyar: ba bulo muke sa wa kuɗi ba, haƙƙin da mutum ke da shi a kan wurin muke kimantawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Mai C of O, wato takardar shaidar fili ta gwamnati, haƙƙin zama ne a hannunsa, ba zai jinginar ko ya sayar ba sai da amincewar gwamna, kuma in an karɓe don amfanin jama'a diyyar abin da ya gina ko ya shuka ake ba shi, ba kuɗin ƙasar ba. Gida biyu iri ɗaya a layi ɗaya, ɗaya da C of O ɗaya da takardar mai unguwa, banki ba ya kallonsu ɗaya, a bidiyonka kuwa tagwaye ne. In dole sai ka kunna majigin, haska musu takardu da taswirar fili da tsohon rahoton ƙiyasi da aka goge sunaye. Ka raba su goma-goma su auna ɗakunan kwanan ɗalibai da ke cikin makarantar, wannan ba ya cin mai. Kuma ka je reshen NIESV, ƙungiyar masu ƙiyasi, na jiharku, akwai waɗanda za su karɓi yara biyu-biyu.

Maman Sadiq: Su karɓa su aike su sayen abinci, Baba.

Malamin Ƙiyasi: Na gode muku duka. Hajiya, ba kowa a gidan lokacin da na ɗauka, ko tufafi a igiya babu. Baba, ginin makaranta ba a haya ba a sayarwa, da me za su kwatanta shi? Kuma ni kaɗai ne, in na bi rukuni ɗaya sauran bakwai wa zai tsaya musu? Ban ga dalilin da kuskuren ɗalibi ɗaya zai sa a rufe abin da ke amfanar tamanin ba. Jibi Litinin ina da aji da ƙarfe takwas, darasin rage darajar gini saboda tsufa ne, kuma na riga na ɗauki wani kango da babu mai zama a ciki. Akwai wanda ya san yadda ake tura bidiyo a kalla amma ba za a iya saukewa ba?

Ɗan Dillalai: Kangon na wace unguwa ne Malam? In masu shi za su sayar ina da mai so.