Shin na'urar juya faifan CD mai tsada tana canza sauti?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina, muddin DAC ɗin (na'urar da ke mayar da lambobin faifai su zama sauti) ɗaya ne, kunne ba zai bambance na'urori masu tsada irin CEC ko Esoteric da mai sauƙin kuɗi irin Audiolab 6000CDT ba. Aikin na'urar juya faifai shi ne ta karanto lambobi ta miƙa, ke nan. Tun 1982 da Sony da Philips suka fito da faifan CD, akwai tsarin gyaran kuskure na Reed-Solomon a jikinsa. Ko ya ɗan karce, lambobin daidai suke fitowa.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. CEC da bel take juya faifai kamar garmaho, a ɗora masa nauyi a kai. Esoteric kuwa tsarinta na VRDS danne faifan yake yi kaf don kada ya yi rawa. Ranar da na haɗa CEC a falona, kukan goge ya fito da taushin da ban saba ji ba. Kunnena ne shaida.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba na musun abin da ka ji. Amma kwafe faifai ɗaya da kwamfuta biyu daban, ka gwada da AccurateRip, manhajar da ke tantance ingancin kwafi, za ka tarar lambobin ba su saɓa ko ɗaya ba. To taushin daga ina?

Mai Gyaran Rediyo: Injiniya, ka bar baya da ƙura. Lambobi daidai ne, amma lokacin isowarsu fa? Wayar S/PDIF da ke haɗa na'urar juya faifai da DAC tana ɗauke da sauti da bugun agogo a cakuɗe, sau 44,100 a kowace daƙiƙa. DAC na da can daga cikin wayar yake tsinto agogonsa. Idan bugun ya yi rawa, abin da ake kira jita, sautin sama yakan yi kaushi. Na yanzu da yawa suna tara lambobin tukuna, su sake jera su da nasu agogon, sai bambancin ya kusan ɓacewa. Baba, naka DAC ɗin na yaushe ne?

Baba Alhaji: Ya haura shekara 20.

Mai Gyaran Rediyo: To ka gani. Mai yiwuwa abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba lallai bel ɗin ne sanadi ba.

Hajiya Babba: Ni damuwata daban ce. Idon da ke karanta faifai yana tsufa, ga ƙurar hunturu. Philips ta daina ƙera injin CD-Pro2 da manyan na'urori da dama suka dogara da shi, Pro-Ject mai ƙera irin waɗannan na'urori kuwa ta yi amfani da na kamfanin StreamUnlimited da ke birnin Biyana. Na'urata ta yi wata takwas a ajiye don ba a samu ido ba. Kafin in sake zuba kuɗi, sai na san inda zan samu kayan gyara.

Injiniya: Wannan hujjar na karɓa, Hajiya. Ƙarko da kayan gyara sun cancanci kuɗi. Kan sauti ne har yanzu nake ja.

Baba Alhaji: To ku zo gidana ranar Asabar bayan la'asar. Injiniya, taho da Audiolab ɗinka da sabon DAC.

Injiniya: In sha Allahu. Amma da sharaɗi, Baba: a sa labule a gaban na'urorin, a daidaita ƙarar, Malam mai gyara ya riƙa sauya waya ba tare da mun sani ba, har sau goma.

Baba Alhaji: Na amince. Amma da tsohon DAC ɗina za mu fara.