Taimako: in ƙara eriya ko in canza amfilifaya?

Mai kallon sama:
Salam 'yan'uwa. Wata biyu kenan ina fama da ƙaramin na'urar hangen taurari ta rediyo da na haɗa, faranti mai faɗin mita 1 da RTL-SDR (ƙaramar na'urar karɓar siginar rediyo da ake haɗawa da kwamfuta), burina kawai in kama siginar nan ta 1420 MHz da iskar hydrogen ta sararin samaniya ke fitarwa, amma har yau layin siginar a allon kwamfuta a miƙe yake sambal ba ko ɗan tudu. Amfilifayar (mai ƙara ƙarfin sigina) tana ɗaki kusa da kwamfuta, waya siririya ce mita 10 ke zuwa daga farantin. Na fara tunanin haɗa eriya huɗu a jere kamar yadda manyan tashoshi ke yi, ko hakan zai fitar da ni?

Tsohon mai gyaran rediyo:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka bar zancen eriya huɗu tukuna, matsalarka tana cikin wayar nan. Siginar da ke fitowa daga sama rauninta ya wuce misali, duk abin da ta fara ratsawa shi ke yanke hukunci. A 1420 waya siririya mita 10 za ta cinye fiye da rabin siginar, sannan ta zuba nata hayaniyar a kai, asarar dB 1 kacal (dB ma'aunin ƙarfin sigina ne) kafin amfilifaya tana ƙara maka hayaniya kusan Kelvin 75 (da ma'aunin zafi na Kelvin ake auna hayaniyar), alhali amfilifaya mai kyau mai hayaniyar 0.5 dB nata wajen 35 ne kawai. To ka ga ka sayi mai shiru ka ɗaura mata mai surutu a gaba. Ka ciro ta ka manna ta a bakin eriyar, gaba da gaba, ka naɗe da abin da ruwa ba zai shiga ba, wutar ta bi ta wayar ta hau. Ni da na yi haka daren farko na ga tudun ya fito, na daɗe zaune ina kallonsa wallahi.

Ɗalibar injiniya:
Gaskiya Malam ya faɗa. Shi ya sa manyan tashoshi ke sanyaya amfilifayarsu har ƙasa da Kelvin 20, in ka rage hayaniya da rabi lokacin jiranka kafin siginar ta fito ya ragu sau huɗu. Batun jere kuma ba haɗa wayoyi ba ne kawai yaya, dole igiyoyin su iso tare tudu kan tudu. Zangon siginar, wato tazarar tudu zuwa tudu, santimita 21 ne, cikin waya ya koma wajen 14, kenan bambancin santimita 7 tsakanin wayoyi biyu ya isa su kashe juna. In ka matsa eriyoyin da yawa suna shafar juna, in ka nesanta su kuma su riƙa ɗauko sigina ta gefen da ba ka nufa ba. VLA a Amurka faranti 27 ne, MeerKAT a Afirka ta Kudu 64, amma kowane faranti da tasa amfilifayar, kwamfuta ce ke haɗa su daga baya.

Mai kallon sama:
Allah ya saka da alheri, ban taɓa zargin wayar ba sam. Filta fa, mai tace siginar da ba a so, gaban amfilifaya zan sa ko bayanta?

Tsohon mai gyaran rediyo:
Bayan amfilifaya, don ita ma filta tana cin sigina. Sai dai in akwai turken wayar salula ko tashar FM kusa da kai da ke toshe mata kunne, nan ka sa ta gaba ka haƙura da ɗan asarar. Ka fara gwadawa ba tare da ita a gaba ba, ka juya farantin sama sannan ka juya shi ƙasa, in hayaniyar ta tashi da ya kalli ƙasa to kayanka na ji.