Na jona katin sauti na biyu, kwamfuta ta yi gum

Ɗan Situdiyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na jona ƙaramin katin sauti na USB don ɗaukar murya. Makirufo yana aiki, amma da na kunna bidiyo, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Koren layin sauti yana ta rawa a allo, lasifika ko uffan. Windows 10 ce. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya taimaka.

Malamar Aji Biyar: Wa alaikumus salam. Ni a gaban iyayen yara ta kunyata ni. Na jona majigi da wayar HDMI, hoto ya fito tangaram, magana babu. Ashe HDMI har sauti take ɗauka, kwamfutar ta tura shi wurin majigin, shi kuwa ba shi da lasifika. Wani ɗalibi ne ya taɓa alamar lasifika a ƙasan allo, ya sauya.

Baba Mai Gyara: Ɗana, tunda layin yana motsi, sautin yana nan, wata ƙofa kawai yake bi. Kowane kati ƙofa ce, kuma Windows ta saba komawa kan wadda aka jona a ƙarshe. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mmsys.cpl. A shafin Playback za ka ga duka. Kunna wani abu, ka duba wanne ne layinsa ke motsi. Zaɓi wanda lasifikarka take jone da shi, yawanci Realtek ne na cikin kwamfuta, ka danna Set Default. In ba ka gan shi ba, danna ɓangaren dama na maus a fili, ka zaɓi Show Disabled Devices. Kar ka yi gaggawar goge direba, wato manhajar da ke sa katin aiki. Na sha karɓar kwamfutar da aka sake wa Windows gaba ɗaya, alhali wayar ce a ramin makirufo mai ruwan hoda maimakon kore.

Mai Haɗa Kiɗa: Baba, a ƙara da wannan. In manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio tana buɗe da direban sauti na ASIO4ALL, takan riƙe katin ita kaɗai, YouTube ya yi shiru har sai ka rufe ta. Ni komawa na yi kan direban FL Studio ASIO, aka zauna lafiya.

Ɗan Linux: Namu ya fi ban haushi. ALSA, mai kula da sauti a Linux, tana ba katuna lamba daga 0, kuma lambar kan sauya in an sake kunnawa. Yau sauti, gobe babu, har na fara zargin lasifikar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Rubuta aplay -l a Terminal, wurin rubuta umarni, ka ga jerin. A alsamixer, manhajar saita sauti, F6 ke zaɓar kati, in ka ga MM an toshe ne, danna M. Daga baya na saka wata manhajar saita sauti, pavucontrol, na kashe katin HDMI a shafin Configuration.

Ɗan Situdiyo: Baba, Allah ya saka da alheri. Na sa iyafis a sabon katin, sai ga bidiyon yana ta zuba shi kaɗai. Na mayar da lasifika can baki ɗaya. Saura wata ƙara siririya da nake ji duk lokacin da na jona caja, in akwai wanda ya san maganinta.