Gasa, turara ko tatsa? Neman sunan "gasifikeshin" na kwal

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Jiya da daddare a ɗakin labarai aka miƙo mini wani rahoto in fassara, a kan tashoshin lantarki masu aiki da abin da Turawa ke kira "gasifikeshin" na kwal, da ko za su iya karawa da sauran tashoshi ta fuskar kuɗi. Na rubuta "gasa kwal", na karanta wa edita, sai ya ce, "Malam, tsire za mu yi?" Ga shi a jimla ɗaya akwai gasa ta wuta, akwai gasa ta kasuwa, ga kuma shi kansa gas ɗin. Mai sauraro a Kurmi ko Kantin Kwari ina zai kama?

Mu fara raba gawayi da kwal, don da yawanmu muna cakuɗa su. Gawayi da itace ake yin sa. Kwal haƙo shi ake yi, irin wanda aka gano a Inugu a 1909, ko na Maiganga a jihar Gombe.

Shi wannan aiki na "gasifikeshin" ba ƙonawa ba ne. Ana ɗura kwal a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a ba shi zafi mai tsanani da tururi, amma a rage masa iskar oksijin yadda ba zai cinye da wuta ba. Wanda ya taɓa ganin masu yin gawayi sun binne itace da ƙasa ya ga ɗan'uwan abin, sai dai su gawayin suke so, hayaƙin ya bi iska. A nan kuwa abin da ke fita ɗin shi ake nema: gas mai haɗe da haidurojin da kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta mai kashe mutane a rufaffen ɗaki. Sai a tace shi, a ƙona shi ya juya injin lantarki na farko, zafin da ya rage ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji na biyu.

Wata abokiyar aikina ta ce "turara kwal", tunda da tururi ake yi, kamar dambu a madambaci. Ta burge ni matuƙa. Amma na ce mata, "Hajiya, wadda ta turara dambu ai dambun za ta ci, ba abin da ya tashi sama ba."

Ni "tatsar gas daga kwal" ta fi kwanta mini, a kira gas ɗin "tatsattsen gas" don a bambanta shi da iskar gas da ake haƙowa a Neja Delta. Dalilina, kalmar tana nuna cewa akwai wani aiki na daban kafin a zo ga wuta, da kayansa da kuɗinsa, kuma a nan duk rigimar take. Mai irin wannan tasha masana'antu biyu ya gina, ta tatsa da ta lantarki, idan ɗaya ta yi tari ɗayar ta tsaya. Ku dubi tashar Kemper a jihar Misisifi ta Amurka. Da ƙiyasin da bai kai dala biliyan 3 ba aka fara, aka tashi da kusan biliyan 7.5, a 2017 aka haƙura da kwal ɗin aka koma iskar gas zalla. Ta Edwardsport a Indiyana ta soma aiki a 2013, ta lashe kusan biliyan 3.5 bayan an tsara kusan biliyan 2. Ana cikin ginin iskar gas ta yi araha a Amurka, to wa zai tatsa alhali ga shi can ana saidawa a sauƙaƙe?

Inda fasahar ta zauna da gindinta ba a lantarki ba ne. Kamfanin Sasol a Afirka ta Kudu man fetur yake fitarwa daga kwal, Sin kuma taki.

Ɗaya kalmar, ta karawa a farashi, na kauce wa "gasa" na sa "gogayya". Da son raina ne da na ce "ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu", amma edita zai ce ina wasa da kwal da kwalliya a labarai. Tambayar kuwa ta shafe mu: in bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ya iso, wane mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai zai yi dakon kwal a tirela daga Gombe ya zo ya tatsa?

Wani dattijo a ofis ya ƙi yarda. Ya ce saniya ake tatsa ta tashi ta ci gaba da kiwo, kwal kuwa ƙarewa yake yi. Na ce, "Baba, ai 'yan damfara ma tatsar mutum suke yi har ya ƙare." Ya yi dariya, bai dai amince ba.

Abin da na miƙa shi ne "tashar lantarki mai tatsar gas daga kwal". Ta yi tsawo a bakin mai karanta labarai, na sani. Wanda ke da gajeruwa ya ajiye mini a nan kafin labaran ƙarfe 6.