Allurar ciwo ta kusa tsayar da numfashin Baba

Autan Baba:
Assalamu alaikum. Mahaifina na fama da kansar ƙashi, ana yi masa allurar mofin. Shekaranjiya da dare na ga ƙirjinsa ba ya ɗagawa kamar da, sai na ƙirga: numfashi 7 a minti ɗaya, leɓɓansa sun yi toka-toka. Nas ta zo a guje ta yi masa allurar naloxone. Nan take ya farfaɗo, amma da ihu, don ciwon ya dawo gaba ɗaya. Har yanzu ihun nan yana kunnena. Don Allah, babu maganin da zai dawo da numfashi ba tare da ya tayar da ciwon ba?

Nas a ɗakin tiyata:
Allah ya ba Baba lafiya, ƙanena. Irin wurin da mofin ke kamawa ya kashe ciwo, akwai shi a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi. Idan ya kama can, jiki ba ya jin gurɓatacciyar iska ta taru a jini, balle ya ja sabuwa. Ita kuwa naloxone ba ta zaɓe, ko'ina take ture shi. Shi ya sa muke tsarma ta, mu riƙa ba da kaɗan-kaɗan. Kuma ƙarfinta kan ƙare kafin na mofin, kada ka yi nisa da gadonsa.

Ɗalibin harhaɗa magunguna:
Irin maganin da Autan Baba ya tambaya shi ne abin da masana ke nema. A 1991 Jack Feldman da abokan aikinsa a Amurka suka gano ɗan curin ƙwaƙwalwa da ke kaɗa numfashi, preBötzinger, aka shiga neman abin da zai tashe shi ta wata ƙofa daban. A 2010 an gwada wani magani mai suna CX717 a Jamus kan masu lafiya da aka ba alfentanil, maganin ciwo dangin mofin: numfashinsu bai faɗi sosai ba, sauƙin ciwo kuma bai ragu ba. Wannan ne ya fi ba ni fata, sai dai bai shigo asibiti ba tukuna. Oliceridine, wani maganin ciwo dangin mofin da Amurka ta amince da shi a 2020, an sa masa rai ƙwarai, amma takardarsa ma tana ɗauke da gargaɗin numfashi.

Autan Baba:
Na gode, Allah ya saka. Yanzu na tuna, a daren da abin ya faru mun ba shi diazepam na gida don ya samu barci. Zan faɗa wa likita da safe.

Nas a ɗakin tiyata:
Haɗa su biyun na danne numfashi sosai. Kada ka jira safiya, tashi ka faɗa wa wanda ke aikin dare yanzu.