Tankinmu ya daina cika: mu kira mai na'urar gano yoyo, ko mu ja sabon bututu?

Baban Sadiƙ, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, domin ranar Lahadi bayan la'asar kwamitin layinmu zai zauna, ni ne kuma ma'aji. A 2015 muka yi karo-karo muka haƙa burtsatse a harabar masallaci, muka ja bututun roba mai inci biyu ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tankuna biyu da ke bakin islamiyya a ƙarshen layi, kimanin mita 340. Tankunan lita dubu biyar-biyar ne, suna kan ƙarfe mai tsayin mita tara. Da, awa biyu da rabi sun cika har suna zuba. Tun bayan babbar sallah sai a yi awa shida ana bugawa, da ƙyar su cika. Kafin wani ya ce sumo ne, wato injin bugo ruwa da ke cikin rijiyar: sabo ne, watan jiya muka saka, kuma in aka kwance a bakin rijiyar ruwa na fita da ƙarfinsa. Mun bi layin da ƙafa sau uku, babu danshi ko'ina, ga shi rabin hanyar yanzu intalok ne da daɓen ƙofar gidajen mutane.

Wani matashi mai na'urar sauraron yoyo ya ce naira dubu 150 kuɗin bincike na yini ɗaya, ban da gyara. Mai gyaran famfonmu kuma ya ce mu manta da tsohon bututun a ja sabo, miliyan ɗaya da dubu 300 har da leburori da mayar da daɓe. Abin da ke asusu dubu 480 ne. Don Allah wanda ya taɓa kiran masu na'urar nan, tana aiki a kan bututun roba?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Alhaji sumonku ne ya gaji. Ku ciro shi a duba, haka namu ya yi bara.

Abu Hanifa:
Ɗan Kurna, ka karanta kuwa, ko kan maganar kawai ka gani? Mutum ya ce watan jiya suka canza.

Ɗan Kurna:
Sabo ma ai yana zuwa da matsala. Kayan yanzu.

Bazazzagi:
Ikon Allah. Bakano zai cire dubu 150 don a saurari ƙasa? Ku kawo rabi, ni zan taso daga Zariya in kwanta a layin in kara kunne. Abincin rana kawai za ku ƙara min.

Maman Ilham, Rijiyar Zaki:
Baban Sadiƙ, don girman Allah kar ku fara. Ni na ga abin da idona, kuma har yau ban huce ba. Shekara biyu ke nan, tankin gidanmu kullum da asuba wayam, alhali da daddare muka cika shi. Ƙanin maigidana ya kawo wani, wai abokinsa ne, ya yi karatu a waje. Ya zo da jaka baƙa da abin kunne irin na masu rediyo, da wani faifai da yake ɗorawa a ƙasa. Da azahar ya zo, ana daka a maƙwabta, janareta na ruri. Ya zaga tsakar gida kamar mai neman allura, ya ɗauki alli ya yi alama wuri uku, ya ce ko shakka babu ɗaya daga ciki ne. Dubu 80 muka ba shi a tsaye.

Aka fasa tayil ɗin da ko shekara bai yi ba. Na farko busasshe. Na biyu busasshe. Na uku aka ci karo da wayar wuta, saura kaɗan lebura ya tafi lahira. Muka kira shi ya ce sai an ƙara dubu 30 zai dawo da wata na'urar ta daban. Aka tura masa. Daga ranar wayarsa a kashe. Wata huɗu muna a haka har bangon bayan kicin ya tsage daga ƙasa, ashe can ne, mahaɗa ce ta saki a gindin katanga ruwan yana gangarawa sokawe, shi ya sa ba a ganin komai a sama. Wani tsohon mai gyaran famfo ne ya gano, da diga da shebur, dubu 12. Gyaran bango da tayil kuwa kar ma ku tambaya. Abin da ya fi ci min rai, da na yi magana sai aka ce na raina dangin miji. Har yau matar ƙanin nasa ba ta shiga gidana.

Ummu Nana:
Allah sarki Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri. Dangin miji sai haƙuri.

Injiniya Ƙarami:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma a labarinki akwai amsar tambayar Baban Sadiƙ. Na'urar ba ruwa take gani ba, ƙara take ji. Ruwa in yana fita ta huda da matsi yana yin wata shewa da ke bin jikin bututu da ƙasa. Sharaɗi biyu ne: bututun ya kasance cike da ruwa mai matsi a lokacin da ake saurare, kuma gari ya yi tsit. Shi ya sa masu aikin na gaske tsakar dare suke fita. Wanda ya zo miki da azahar ana daka, turmi ya saurara.

Sai matsalar roba. Bututun ƙarfe yana kai ƙara nesa, roba kuwa shanye ta take yi, mita kaɗan ta mutu. Ga matsin naku ba yawa: duk tsayin mita goma na ruwa kusan "bar" ɗaya ne (ma'aunin matsi ke nan) a geji, wato agogon auna matsin ruwa, tankinku mita tara, ka ga kuna wajen "bar" ɗaya da 'yan kai. Akwai na'ura mai kunne biyu, a manna ɗaya nan ɗaya can, ta auna wanne ƙarar ta riga isa, ta lissafa nisan hudar. Tana kyau a ƙarfe, a roba mai ƙaramin matsi takan yi ƙarya. Abin da ya fi dacewa da irin naku shi ne iskar gwaji: a zubar da ruwan, a cusa haɗin haidurojin kashi 5 da naitirojin kashi 95, ba ya kama wuta, iskar ta biyo ta hudar ta ɓullo ta tsakanin intalok, a bi da na'urar shinshina. Ku tambayi matashin ko yana da wannan. In faifan saurare kawai gare shi, ni dai ba zan ba da dubu 150 ba sai da sharaɗin in ba a samu ba a dawo da rabi.

Amma yi lissafin nan tukuna. Da kuna samun lita dubu huɗu a awa, yanzu ba ku kai dubu ɗaya da 700 ba. Sama da lita dubu biyu na ɓacewa duk awa. Huda mai faɗin milimita uku a irin matsinku kusan lita 200 take zubarwa a awa, jarka takwas. Naku ya ninka haka sau goma. Wannan ba 'yar huda ba ce. Ko mahaɗa ta rabu, ko bututu ya tsage a tsaye, ko kuma ruwan yana da inda yake zuwa.

Usta na Ƙofar Ruwa:
Shekarata 26 ina wannan sana'a ban taɓa cusa wa bututu iskar shinshina ba. Alhaji ka saurare ni. Ka sayi geji da bawul biyu. A tono tsakiyar layin daidai, wajen mita 170, a yanka a sa bawul. A cika ɓangaren rijiya, a rufe, a kashe sumo nan take kar a bar shi yana bugu a rufe, a zuba wa geji ido minti talatin. In allura ta tsaya, wancan ɓangaren ne. In ta faɗi, wannan ne. Ka sake raba mai ciwon biyu, saura 85. Ka sake, saura 40 da ɗoriya. Rami uku ka kusa kama ɓarawo, kuma bawul ɗin yana nan zai yi muku amfani gaba. Duka-duka ba za ka kashe dubu 70 ba. 'Yan boko sai su ɗauki abu mai sauƙi su sa masa Turanci.

Injiniya Ƙarami:
Usta, ai ban ce kar a yi gwajin geji ba, shi ne ma matakin farko a ko'ina a duniya. Amma in huda biyar ce a wurare biyar fa? Kowane ɓangare allura za ta faɗi.

Usta na Ƙofar Ruwa:
To ai ka ba shi amsa da kanka. In ko'ina ta faɗi bututun ya mutu, a ja sabo. Na'urar taka za ta gaya masa mai kauri aka sa a 2015 ko mai sirara na ruwan wanka? Ni da na yanka zan gani da idona. Rabin aikin da nake samu a garin nan bututun da ba na matsi ba ne aka binne don a rage kuɗi, ko wanda ya sha rana a shago har ya yi gautsi.

Baba Mai Ritaya:
Ku yi a hankali yara, dukkanku kuna da gaskiya. Ni aikin ruwa na yi har na aje. Sandar saurare ba sabon abu ba ce, da ita muka tashi: ƙarfe dogo da katako a kai, ka ɗora a kan bawul ka kara kunne, ƙarfe biyun dare, ko kare ba ya haushi. A manyan bututun ƙarfe da ke tasowa daga Challawa zuwa Goron Dutse za ka ji yoyo tun daga nesa. Ruwan famfo a Kano tun zamanin Sarki Alhaji, Abdullahi Bayero, ne, farkon shekarun 1930, kuma kunne ne ya riƙe shi shekara da shekaru. Amma kunnen sai an horar da shi. Na'ura a hannun wanda bai iya ba, sanda ce a hannun makaho a garin da bai sani ba. Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa: duk sanda kuka kashe sumo ruwan ya koma baya, hudar nan tana zuƙo abin da ke kewaye da ita. In kusa da kwata ce ko masai, yaran islamiyya ne ke sha. Kar ku ja lokaci.

Injiniya Ƙarami:
Gaskiya ne Baba. A manyan layuka yanzu har ƙwallo ake jefawa cikin bututu, ruwa na tafiya da ita tana naɗar ƙara, a cafke ta a gaba ba tare da an tsayar da ruwa ba. A Libiya, babban bututun kankare da ya ratso sahara, faɗinsa mita huɗu, har tsinkewar wayoyin ƙarfen da ke jikinsa ake saurare.

Bazazzagi:
Mutum na Ɗorayi da inci biyu an kai shi Libiya. Injiniya a jefa ƙwallon, in ta maƙale sai a kira Pillars su ciro.

Sani Mai Shago:
Ni dubu 40 aka yi mana a Hotoro, kuma ya gano, taku biyu tsakanin alamarsa da wurin. Dubu 150 cuta ce.

Abu Hanifa:
Naku na ƙarfe ne ko roba? Kuma yaushe? Wani wurin aiki da na sani a Sharaɗa dubu 300 suka biya bana.

Sani Mai Shago:
Na ƙarfe ne, tsohon gida. Kafin korona.

Abu Hanifa:
To ka gani.

Ɗan Kurna:
Miliyan ɗaya da 300 ma ta yi yawa. Mita 340 bututu 57 ne in mai mita shida ne, dubu tara-tara, lissafa ka gani.

Usta na Ƙofar Ruwa:
Dubu tara a ina? Kawo min ɗari yanzu in saya. Mai kaurin da zai ɗauki sumo bai gaza dubu 16 ba jiya-jiyan nan, ban da gam da soket da gwiwa. Irin na dubu taran ne ya kai su inda suke.

Maman Ilham, Rijiyar Zaki:
Ni dai na faɗa. Shi ma wancan da zai karɓi kuɗina har da Libiya ya kawo min. Duk bakinsu ɗaya.

Injiniya Ƙarami:
Hajiya ni ban nemi aikin ba, ko na'urar ba ni da ita.

Malam Na Ja'en:
Ku bar batun huda. Injiniya ya faɗi magana kun wuce ta: ruwan yana da inda yake zuwa. A layinmu wata tara muna zargin bututu, ashe mutum uku ne suka huda da daddare suka ja gidajensu, ɗaya har da injin zuƙa. Da aka tono, a sahun gaba yake sallah. Kuma in aka zo karo-karon kuɗin wuta shi ne mai cewa bai ga amfanin burtsatsen ba.

Ummu Nana:
Wallahi haka ne. Ko ranar da ruwan gari ya zo, masu injin zuƙa ke kwashewa, mu na ƙarshen layi sai iska famfo yake hurawa. Dole mu koma wa 'yan ga-ruwa, jarka naira 150.

Sani Mai Shago:
150? Mu 100 ne, in da zafi 200.

Baban Sadiƙ, Ɗorayi:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Maganar Malam Na Ja'en ta sa jikina ya yi sanyi, don akwai wurin wankin mota da aka buɗe a tsakiyar layin daf da sallah, kuma ban taɓa ganin kurar ruwa ta tsaya a wurin ba. Ba na zargin kowa, zato zunubi. Sai dai mai wurin ɗan wan shugaban kwamitinmu ne, ban san ta inda zan ɗauko zancen ranar Lahadi ba. Usta, gejin nan wane iri zan ce a ba ni, kuma ramin farko dole sai a tsakiya daidai, ko zan iya matsar da shi gaba kaɗan?

Ummu Nana:
Sani, 100 a wace unguwa? Mu ko a damina ba mu ga 100 ba. Kuma jarkokin nasu duk sun yi kore a ciki.

Ɗan Kurna:
Alhaji ni dai har yanzu ina cewa a ciro sumon nan a duba.